Gwangwanayen da Umma Ta Kulle a Kabad

Mutumin da na kusa aura ya sayar wa mutane guba a cikin gwangwani, kuma yana sane. Na fara da wannan ne don kada wata ta karanta rabi ta shigo mini da saƙo tana cewa ƙila kuskure ne, ƙila sharrin maƙiya ne. Ba kuskure ba ne. Da hannunsa ya yi, hannun da na sha auna tsawonsa da tef ɗina.

Ni tela ce. Shagona ƙarami ne, keke biyu, teburin yanka, da madubi mai tsaga a gefe. Shekaruna sun wuce inda Umma take so su tsaya, ƙanwata ta riga ni aure har tana goyo. Saboda haka duk namijin da ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ko mai gyaran famfo ne, sai Umma ta ɗaga labule ta duba takalminsa.

Shi kuwa yadi ya kawo mini, ruwan toka, ya ce riga da wando. Kowa Mai Sito yake ce masa, don shi ne mai babban siton kayan gwangwani a ƙarshen kasuwa, inda masu shaguna da masu abinci suke sara. Mutum ne mai tsafta, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya zama sai ya kaɗe kujera. Na ajiye lambarsa da sunan Mai Yadi Ruwan Toka. Ya zo karɓar ɗinki ya kawo wani yadin, ya zo karɓar wannan ya kawo wani. A karo na huɗu na ce masa, "Malam, ko dai shago za ka buɗe?"

Ya ce, "Gida nake so in buɗe, Telata, in kin yarda."

Na so shi. Ba zan ɓoye muku wannan ba don in fito fes a idonku. Na so shi har nakan bar keke yana gudu babu zare ina karanta saƙonsa.

Ranar da ya fara zuwa gaida iyayena, bayan motarsa cike yake da kwalaye. Koren wake, karas, masara, da wanda aka haɗa su duka, kowane gwangwani da hoto mai ƙyalli a jikinsa. Umma ta tsaya ta riƙe haɓa. Kafin la'asar ta kwashe kwanukan tangaran ɗinta daga kabad mai gilashi da ke falo, ta tura su ƙarƙashin gado, ta jera gwangwanayen nan a madadinsu. Kore a sama, ja a tsakiya, rawaya a ƙasa, kowanne fuskarsa na kallon ƙofa. Ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Baba ya dawo ya tarar, ya tsaya yana kallo ta saman tabarau. Ya ce, "Yaushe za mu ɗanɗana?"

Umma ta ce, "Ba na ci ba ne."

"To na mene ne?"

"Na surukina ne. Duk wadda ta shigo falon nan ta san 'yata ba ta yi kwantai ba."

Baba ya ce, "To madalla. Da mun sani da tuni mun daina cefane, mu riƙa zama muna kallo har mu ƙoshi."

Haka aka yi. Duk maƙwabciyar da ta shigo aron ludayi sai an zaunar da ita a kujerar da ke fuskantar kabad. Kaf layinmu babu wadda ba ta ji tarihin gwangwanayen nan ba, har da wadda ba ta tambaya ba. Ba da jimawa ba kuma Mai Sito ya ɗauki Yayana aiki, yana tuƙa masa motar kaya. Yaya ya daɗe a zaune babu aiki, matarsa da tsohon ciki. Daga nan a gidanmu Mai Sito ya wuce matsayin mutum. Ko tari ya yi sai Umma ta ce ma sha Allah.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani tun yanzu. Duk rigar aikin da ya kawo mini gyara, nakan ga ƙananan ƙuna a bakin hannun, zagayayyu kamar kan ashana, wani lokaci har a gwiwar wando. Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce tartsatsin injin wuta ne. Na cike ramukan da zare mai kalar yadin, har ina jin daɗin cewa babu mai iya gano wurin.

Jikin shagona akwai rumfar Inna mai abinci. Bango ɗaya ya raba mu, in ta yi atishawa nakan amsa mata. Mijinta ya rasu, da tukunyar nan take riƙe da jikoki. Abin da ya jawo mata kasuwa shi ne in ta zuba shinkafa sai ta buɗe gwangwani ta barbaɗa koren wake da masara a sama, haka nan ba tare da ta sake dafawa ba, don kalar ta fito. Direbobi suna son wannan ado.

Wata Talata na zo na tarar da kwaɗo a ƙofar rumfarta, da takardar hukumar duba abinci a manne. Inna na zaune a kan bencin shagona, mayafinta a karkace. Ta ce masu cin abincinta da dama suna asibiti da amai da jiri. Wani direban babbar mota da ke zama a ƙarshen benci kullum, wanda yake tsokanarta cewa ta fi matarsa iya girki, shi nasa ya fi tsanani. Fatar idonsa ta faɗi, ba ya iya haɗiyar ko yawu, inji ne yake yi masa numfashi.

Ta ce, "'Yata, likita ya ce gubar gwangwani ce. Na faɗa musu inda na saya. A wurin naki na saya. Har ya rage mini, ya ce don ina maƙwabciyar Telarsa."

Na ce, "Inna, gwangwanayen suna ina?"

"Mai kwasar shara ya tafi da su. Wa yake ajiye bola?"

Jami'an suka je sitonsa washegari. Suka buɗe kwalaye, suka duba sama da ƙasa, ba su sami ko ɗaya mai aibu ba. Ya ce musu bai taɓa sayar wa Inna komai ba, ƙila a bakin titi ta tsinci mai araha. Ba ta da shaidar saye. Magana ta koma kanta, aka ce za a kai ta kotu.

Da yamma saƙonsa ya shigo. "Telata, kada ki damu da surutun mutane. Hukuma ta duba, ta wanke ni. Ki ci abinci."

Na rubuta, "Inna ta ce a wurinka ta saya."

"Tsohuwa ce, ta ruɗe. Ki bar ta. Wace kala kike so a yi wa ɗakinmu?"

A gida Umma ta riga ta yanke hukunci. "Hassada ce. Matar nan tun da ta ga motarsa tana tsayawa a ƙofar shagonki cikinta yake ciwo. Kada in ƙara jin kin zauna da ita."

Na kalli Yaya. Yana juya cokali a cikin abinci, bai kai ko loma ɗaya baki ba. Mutumin da ake ɓoye masa tukunya saboda ci.

Ranar Alhamis Mai Sito ya zo gida da rana, abin da bai saba ba. Ya kaɗe kujera ya zauna, suka gaisa da Umma, ya kalli kabad ya yi murmushi. Ya ce, "Umma, waɗannan sun daɗe. Bari in kwashe su in kawo miki sababbi, akwai wasu da suka fi su kyau."

Fuskar Umma ta sauya nan take. Hannunta ya tafi kan makullin da ke bakin zaninta. Ta ce, "Wane laifi muka yi maka?"

"Haba Umma, laifin me?"

"Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin mai neman aure ya zo kwashe abin da ya kawo ba sai in ya fasa. In ka fasa ka faɗa mini a fuskata, ba sai ka bi ta kabad ba."

Ya yi dariya, amma na ga ya goge tafin hannunsa a gwiwa. Ya rantse bai fasa ba. Umma ta ce to in haka ne sabo ya fara shigowa kafin tsoho ya fita, kuma da rana tsaka, mutane suna gani, don kada a ce an yi mata kwasa. Suka tsayar da ranar Asabar. Ya ce Yaya zai zo da mota.

Mutumin da, kamar yadda na gano daga baya, ya kwashe ɓatattun kayan sito guda cikin kwana ɗaya ya gagara fitar da abin da ke cikin kabad ɗin tsohuwa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai gidan da za a ba su abinci su ƙi ci ba.

Bayan tafiyarsa na tsaya gaban gilashin. Falonmu yana shan rana, da yamma kamar tanda yake. A jerin sama na ga ɗaya daga cikin koren waken ya karkata, ba ya zaune daidai. Gindinsa ya kumbura. Na kusa da shi kuma takardar jikinsa ta yi wani tabo mai ruwan ƙasa, kamar gumi a hammatar riga.

Na ce, "Umma, ba ni makulli in goge ƙura kafin Asabar."

Ta ba ni, ta ce in yi a hankali, ta shiga kicin. Da na buɗe wani tsami ya bugi hancina. Na ɗauko mai tabon, na sa farce na ɗaga gefen takardar. A ƙarƙashinta akwai ɗigon dalma, zagayayye, mai ƙyalli, girman kan ashana. Gefensa yana tsatsar da ruwa. Na ɗaga ta wani, haka. Na ɗaga ta na uku, haka.

Na san girman nan. Na cike shi da zare sau ba adadi.

Na mayar da su yadda suke, na wanke hannuna da sabulu har ya yi ja, na mayar wa Umma makullinta. Na fita bayan gida inda Yaya yake wanke mota.

Na ce, "Yaya, mene ne ake like wa da dalma a siton?"

Tsumman ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "Ke dai ki je ki yi ɗinkinki."

"Na gani a kabad."

Ya zauna a kan bokitin da ya kife. Bai ɗago ba. Ya ce akwai ɗaki a can bayan siton. Mai Sito yana sayen kayan da suka kumbura, waɗanda kamfani ya ce a zubar, a kan kuɗi kaɗan. Ya jiƙa takardar ya ɓare, ya huda gwangwanin da ƙusa iskar ta fita, ya danna shi ya koma daidai, ya like hudar da dalma, ya mayar da takarda. Shi kaɗai yake yi, ba ya yarda da kowa. Ranar da labarin Inna ya fito, shi Yaya ne ya yi ta jigilar kwalayen zuwa wani rami a bayan gari.

"Kuma ka bari ya kawo mana irinsu gida?"

"Lokacin ban fara aiki ba. Da na gane, kullum addu'ata kada Umma ta buɗe." Ya ɗago, idonsa ja. "In kika yi magana, tare za a tafi da ni. Matata saura kaɗan ta haihu. Ki tuna da wannan kafin ki zama ta Allah."

Na bar shi a kan bokitin, na koma ciki.

Washegari Mai Sito ya zo shago gwada rigar da nake ɗinka masa ta ɗaurin aure, fara sol, da aiki a wuya da na ɓata makonni a kansa. Ya tsaya gaban madubi ya buɗe hannuwa. Na durƙusa ina kafa allura a bakin hannun. Ta bangon ina jin shirun rumfar Inna.

Na ce, "Tartsatsin injin wuta, ko?"

Ya kalle ni ta madubi. Bai yi musu ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, "Iska ce kawai take taruwa a ciki, Telata. In an dafa babu abin da yake yi. Shekara nawa ina yi, wa ya mutu? Tsohuwar nan ce ta barbaɗa wa mutane ɗanye."

"To me ya sa ba ka ce mata ta dafa ba?"

"In ce mata me? Kin taɓa ganin ɗan kasuwa yana kushe kayansa?"

"Akwai mutum a asibiti da inji ke masa numfashi."

"Allah ya ba shi lafiya. Ki saurare ni. Tsohuwar nan tara za a ci ta, ni zan biya a ɓoye, in buɗe mata wata rumfar da ta fi wannan. Kowa ya huta. Na daina, wallahi na daina. Gobe a kwashe na gidanku, magana ta mutu." Ya sassauta murya. "Ko so kike Yayanki ya ga ɗansa ta bayan ƙarfe?"

Na ce, "Ɗaga hannunka, allura za ta soke ka."

Ya ɗaga. Ya ɗauka ya gama da ni. Da zai fita har ya ce wuyan rigar ya yi kyau.

Zan faɗa muku gaskiya, na auna maganarsa. Na zauna a kan keke na auna ta kamar yadda nake auna yadi, na ga za ta iya isa. Inna ta sami sabuwar rumfa, Yaya ya tsira, Umma ta yi bikinta, ni in shiga ɗaki mai sabon fenti. Abin da bai shiga cikin awon ba shi ne sunan Inna. Matar da ta tsufa tana ciyar da mutane za ta mutu da sunan wadda ta ba su guba, jikokinta su gaje shi. Sannan mutumin da ya ce ya daina, ya faɗa ne da bakin da ya ce mini tartsatsin inji ne. Masu cewa so rufin asiri ne su riƙe nasu. Akwai asirin da in ka rufe shi, da kai aka yi.

Na tarar da Baba a tsakar gida yana gyara rediyonsa. Na tsuguna na faɗa masa komai, har da na Yaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

Ya ce, "Ɗana ne. Ita kuma matar nan 'yar wani ce." Ya ajiye rediyon. "Ni ban ce ki kira su ba, ban ce kada ki kira ba. Amma gobe ina gida, kuma ƙofata ba a kulle take ba."

Lambar wayar hukumar tana jikin takardar da ke manne a rumfar Inna. Mace ce ta ɗauka. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Kada kowa ya taɓa su, kada a buɗe ko ɗaya. Za ki iya maimaita wannan a gaban alƙali?"

Na ce zan iya. Muryata ba ta yi kama da ta mai iyawa ba.

Ranar Asabar Umma ta sa atamfarta mai ruwan goro, ta fesa turare a labule, ta gayyato maƙwabta biyu su ga shigowar sababbin kaya. Mai Sito ya iso da hantsi cikin shuɗin yadi na ɗinkina, Yaya na biye da shi da kwali a ka. Ana cikin gaisuwa aka yi sallama. Jami'ar da na yi magana da ita a waya ce, gajeriya, da farar riga a kan kayanta da jaka a hannu, tare da abokin aikinta da ɗan sanda. Baba ya ce su shigo.

Ta gaida Umma da ladabi, ta nuna katinta, ta ce an sanar da su akwai kayan gwangwani a gidan da suke so su duba. Umma ta miƙe ta tsaya a gaban kabad, ta buɗe hannuwa kamar mai tare kaji.

"Babu mai taɓa mini kaya. Wace munafukar ce ta kai mu? Waccan mai abincin ce?"

Na ce, "Ni ce, Umma."

Kallon da ta yi mini har yau ina jinsa a wuyana. Ta ce, "Ke? Da hannunki za ki kashe aurenki? To ki sani, in suka buɗe kabad ɗin nan, ni da ke sai dai gaisuwa."

Jami'ar ba ta ɗaga murya ba. Ta leƙa ta gilashin, ta nuna wa abokin aikinta mai karkatar nan da ɗan yatsa. Sannan ta juya ga Mai Sito. "Malam, mun haɗu a sitonka. Waɗannan daga wurinka suka fito?"

Da ya yi shiru, da ƙila Umma tana nan tsaye har yau. Amma ya gyara zama, ya kaɗe gwiwarsa, ya ce, "Ni ban san su ba. Nawa ga su nan a kwali, yau na fara kawowa. Waɗancan ƙila a kasuwa suka saya, kin san mutane da son araha."

Maƙwabtan suka kalli juna. Ɗaya ta rufe baki da mayafi.

Umma ta juyo a hankali. "A kasuwa na saya?"

"Umma, ki bari mu yi magana daga baya."

"A'a, yanzu za mu yi. Ni na saya na jera, na yi wa mutanen layin nan ƙarya cewa surukina ne ya kawo? Abin da kake cewa ke nan a gaban baƙina?" Ta nuna maƙwabciyar da ke kusa. "Ke ba ki nan ranar da ya sauke su daga mota?"

Matar ta ce, "Har ni na kama masa kwali ɗaya."

Umma ta kwance bakin zaninta. Ƙullin ya ƙi kwantuwa sai da ta sa haƙori. Ta miƙa wa jami'ar makullin, ta ce, "Buɗe. Tun da nawa ne na kasuwa, buɗe mu ga abin da na saya."

Jami'ar ta sa safar hannu da abin rufe hanci, ta ce mu matsa baya. Ta ɗauko ɗaya, ta ɗaga takardar da bakin ɗan ƙarfe, ta juya shi ga haske. Ɗigon dalmar ya yi ƙyalli. Ta sa shi a leda ta ɗaure, ta ɗauko na gaba. Tsamin ya cika falon, ya danne turaren Umma. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa ci daga ciki. Baba ya ce, "Ba a ba mu izini ba." Ta ce to ku gode wa wadda ta hana.

Umma ta zauna a hannun kujera. A hankali ta ce, "Da na buɗe wa jikana ɗaya ranar da ya yi ta kuka yana nuna masarar nan."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, kwalin yana gabansa. Ya kalli Baba. Baba ya dube shi ta saman tabarau. Yaya ya ce wa jami'ar, "Akwai sauran. Na san inda aka zuba su, ni na kai."

Da ɗan sandan ya taɓa kafaɗar Mai Sito, ya miƙe ya gyara hannun rigarsa. Ya tsaya a gabana ya ce, "Da kin bari, da yanzu kina cikin daula."

Na ce, "Da wani yana cikin kabari."

Sauran ba shi da daɗin ji, amma ga shi. An tono ramin, an sami ɗakin bayan siton da ƙusar da abin narka dalmar. Gwaji ya nuna gubar da ke cikin na kabad ɗinmu ita ce wadda aka samu a jinin direban. Na tsaya a gaban alƙali na yi bayanin ƙunan hannun riga, lauyan Mai Sito yana tambayata ko zafin an fasa aurena ne ya kawo ni. Na ce ni na fasa. An cire kwaɗon rumfar Inna, sai dai rabin masu cin abincinta ba su dawo ba, kuma ta daina ado a kan shinkafa. Direban ya rayu. Muryarsa ta dushe, ba ya iya tuƙi mai nisa. Yaya ya kwana a hannun 'yan sanda kafin a ba da belinsa, an ci shi tara, an sassauta masa saboda shaidar da ya bayar. Matarsa ta haihu, ba ta aiko a faɗa mini ba. Ya koma zaman gida.

Umma ta wanke kabad da ruwan zafi, ta fito da kwanukanta daga ƙarƙashin gado ta mayar. Ta cika alkawarinta, ni da ita sai gaisuwa. Amma kwanan nan na tarar an rufe mini abinci a kwanon da ba ta ba kowa sai baƙo.

Jiya mahaifiyar Mai Sito ta zo shago. Ta zauna a bencin da Inna ta zauna, ta ga farar rigar nan a rataye da allurai a bakin hannunta. Ta ce ya aiko ta ta tambaye ni ko zan ƙarasa ɗinkin, in ajiye masa. Na gane abin da take tambaya, wato ko zan jira shi. Na ba ta ruwa, na raka ta bakin titi. Ku zage ni in kuna so, amma lambar Mai Yadi Ruwan Toka tana cikin wayata har yanzu, kuma rigar ban sauke ta ba.

Shi kuwa an soke lasisinsa, an rufe siton, an ƙone kayan da ke ciki a gaban jama'a. An hana shi sayar da abinci har ƙarshen rayuwarsa. Alƙali ya ba shi shekara bakwai a gidan yari, babu zaɓin tara.